Kwalbar Fitsari da Sirinjin Jini: Yadda Ake Gano Ciwon Ƙoda

 Yau shirin namu ya leƙa ɗakin gwaje-gwaje na asibiti, inda ake gano ciwon ƙoda tun kafin mai shi ya ji komai a jikinsa.

Ciwon ƙoda a ɓoye yake ɓarna. Mutum na iya rasa kusan rabin aikin ƙodarsa alhali yana zuwa gona, yana cin kasuwa. Mutanen Gashuwa da kewaye a jihar Yobe, inda cutar ta yi ƙamari, sun sha ganin haka: sai ƙafa ta kumbura, fuska ta cika, sannan a garzaya asibiti, lokacin kuwa zancen wankin ƙoda ake yi.

A jini, abin da ake aunawa shi ne kiriyatinin, wato dattin da tsoka ke fitarwa, ƙoda kuma ta tace shi. Ana haɗa sakamakon da shekarun mutum da jinsinsa, a fitar da lambar da za ku ga an rubuta eGFR a takarda. Idan ta zauna ƙasa da 60 fiye da wata 3, ciwon ya tabbata. Ƙasa da 15 kuwa, ƙoda ta gaza.

Fitsari ma yana da nasa bayanin, sau da yawa ma shi ke riga jini tona asiri. Ma'aikaci zai tsoma ɗan tsinken gwaji, ya jira kamar minti ɗaya, ya kara shi da launukan jikin gwangwanin tsinken. Idan gurbin furotin ya rikiɗe daga rawaya zuwa kore, mai yiwuwa ƙoda ta fara yoyo ke nan.

To amma a nan nake so mu tsaya, domin ganganci kaɗan na ɓata gwaji. Fitsarin farko na safe aka fi so, a cikin kwalbar da asibiti ya bayar. Don Allah a daina ɗauraye kwalbar maganin tari a kawo shi a ciki. Wanda ya cika cikinsa da tsire ko balangu gab da ɗibar jini, kiriyatinin ɗinsa kan ɗaga ba tare da ƙodarsa ta yi laifi ba. Zazzaɓi mai zafi da jinin al'ada su ma suna rikita sakamakon fitsari, don haka a faɗa wa likita. Haka jinin da aka bari a kan tebur cikin zafin bazara: ƙwayoyinsa kan fashe, sinadarin fotasiyam ya nuna ya hau, hankalin iyali ya tashi a banza.

Shi ya sa likita ke cewa a dawo bayan wata 3 a maimaita. In da hali a koma ɗakin gwajin farko, domin na'urori sukan ɗan saɓa, kuma a riƙo tsohuwar takarda a hannu. Mai hawan jini da mai ciwon suga kuwa, ko lafiya lau suke ji, su yi gwajin nan biyu aƙalla sau ɗaya a shekara.