Daga Turke Zuwa Turke: Tsawo Da Alƙibla A Lissafin Bekta

Duk wanda ya taɓa duba zanen safiyo na fili zai ga lambobi biyu a jikin layin da ya haɗa turke da turke: ɗaya mita, ɗaya digiri. Nisa kaɗai ba ya kai mutum ga turke na gaba, sai an gaya masa inda zai fuskanta. Wannan haɗi na tsawo da alƙibla shi masana lissafi ke kira bekta.

Littafin da René Descartes na Faransa ya fitar a 1637 ne ya share hanyar bayyana matsayin ɗigo da lambobi. A ce turken farko yana (2, 1), na biyu yana (8, 9), lambar farko ta gabas, ta biyu ta arewa. Sai a ɗebe mafari daga maƙura: 8 − 2 = 6, 9 − 1 = 8. Wato mita 6 gabas, mita 8 arewa. Ƙa'idar Pythagoras ce ke fitar da tsawo: 36 da 64 sun ba da 100, tushensa 10. Magina za su gane shi, don kuwa awon 3, 4, 5 ne da suke fitar da kwana da igiya, aka ninka shi biyu.

Alƙibla kuwa nan gizo ke saƙa. Ɗalibi zai raba 8 da 6, ya nemi kusurwar tanjan a kalkuleta, ta ba shi digiri 53.1 daga gabas zuwa wajen arewa. Daidai. To, a juya tafiyar daga turke na biyu zuwa na farko: yanzu −6 da −8 ne. Wajen rabawa alamun ɗebewa biyun sun cinye juna, kalkuleta ta sake cewa 53.1, alhali mutum kudu maso yamma ya nufa, a digiri 233.1. Na'urar sakamakon rabawa kawai ta gani. Abin yana damuna ƙwarai idan na ga ana koyar da danna maɓalli kafin yaro ya iya zana kibiyar a takarda, ya ga sashen da ta faɗa da idonsa.

Akwai kuma inda ake fara ƙirga. Safiyo da matuƙin jirgi daga arewa suke farawa, su bi juyin hannun agogo, su rubuta lamba uku. A wajensu tafiyar farko 037° ce, dawowa kuma 217°.