Fuskar Wata da Haɗaɗɗiyar Gira

A Tashkent ko Samarkand, in aka ce yarinya tana da fuskar wata, an gama yabonta. Wata a harshen Uzbek shi ne "oy", kuma kalmar ta shiga sunayen 'yan mata irin su Oygul da Oydin. Bahaushe ba zai yi mamaki ba, tunda shi ma wata ɗan daren sha huɗu yake ambata in kyau ya kai kyau. To amma kai wannan yabo Landan ka gani. A Turanci, mai fuskar wata mai kumburarrun kumatu ne, har likitoci da wannan suna suke kiran kumburin fuskar da wasu magunguna ke jawowa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne gira. Matan Uzbek suna da wani tsiro, usma, da suke murza ganyensa su matse ruwan a ɗan ƙoƙo. Sai uwa ta tsoma tsinke mai auduga, ta bi girar 'yarta a hankali, ta cike har tsakanin girar biyu don su yi baƙi su haɗe. Wannan tsiro fa Ingila ma ta san shi, ta daɗe tana nomansa, sai dai tufafi ta rina da shi, kamar yadda ake yi da baba a karofin Kano. Gashin tsakanin gira kuwa, tsige shi ake yi a can.

Kalmar "beauty" kanta, wato kyau, baƙuwa ce a Turanci, daga Faransanci ta shigo bayan Normawa sun ci Ingila a 1066. 'Yar gida ita ce "fair", wadda asalinta kyakkyawa kawai take nufi. Daga baya ta ɗauki ma'anar farar fata da gashi mai haske, ga kuma ma'anar adalci. Wannan yana damuna ƙwarai, domin yaron da ya tashi da kalma ɗaya mai nufin kyau da fari da adalci, an riga an karkatar masa da ido tun bai san kansa ba.

Uzbek ma ba su tsira ba, suna yabon farar fuska. Sai dai suna da wata magana, "istarasi issiq", mai fuska mai ɗumi, wanda kana ganinsa ranka ya kwanta da shi ko da ba shi da dogon hanci. Ana faɗar ta ga amarya, ana faɗar ta ga tsoho mai sayar da gurasa a kasuwar Chorsu ta Tashkent.