Baƙin da Suka Zo Ba Shiri

Tun daga 2019 hare-haren 'yan bindiga suka raba dubban iyalai da gidajensu a Batsari, Jibiya, Safana da Faskari. Wasu sun tsallaka jihar Maraɗi, inda hukumar UNHCR ta tsugunar da 'yan gudun hijira a ƙauyuka irin su Garin Kaka da Cadakori. Da yawa kuwa suna nan cikin jihar Katsina, sun raɓe a gidajen 'yan'uwa ko a kangwaye.

Abinci da tabarma su ake fara kai musu, kuma daidai ne. Karatun yaransu fa? Yaron da ya shekara biyu bai ga allo ba, in aka zaunar da shi aji huɗu don tsawonsa, kunya kaɗai ta isa ta kore shi.

A nan ne mu ɗaliban sakandare na Kankiya, Kusada da Boko muke da rawar takawa. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fito da wata dabara: a ware yara bisa abin da suka iya, a manta da shekarunsu. Masu haruffa gefe guda, masu haɗa "ba-bi-bu" gefe guda, masu karanta jimla su ma daban. Da Hausa ake farawa, Turanci ya biyo baya. Awa ɗaya bayan la'asar ta wadatar, gawayi da bangon zaure kuma sun isa kayan aiki.

Mu fara neman izinin mai unguwa da iyaye. Kada kuma mu tambayi yaro abin da ya gani a daren da suka gudu.