BABI NA UKU: HANYOYIN SAMUN ƊANYEN ZAREN FIM DOMIN ƊAUKAR HOTO MAI FAƊI

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan ire-iren kyamarorin da masu sha'awar ɗaukar fim suke amfani da su. A wannan babi kuwa za a duba abin da ake ɗurawa a cikin kyamarar, wato ɗanyen zaren fim, da kuma hanyoyin da ake bi a same shi. Abin da ake nufi da mai sha'awa a nan shi ne mutumin da yake ɗaukar fim da kuɗin aljihunsa, ba domin sana'a ba. Ƙaramin zare kuwa shi ne duk wanda faɗinsa bai kai milimita 35 ba, wato ma'aunin da manyan kamfanonin shirya fim suka saba aiki da shi. Hoto mai faɗi shi ne wanda faɗinsa ya zarce tsayinsa da nisa, irin wanda ake gani a gidajen silima.

Babin zai yi ƙoƙarin nuna cewa ba kyamara ce take fara yanke hukuncin irin faɗin da mai sha'awa zai iya ɗauka ba. Abin da yake yanke wannan hukunci shi ne jerin hujin da ke gefen zaren da ya samu a kasuwa, da kuma ɗakin wanke fim da zai karɓi aikinsa.

3.1 Ire-iren Ƙaramin Zare da Jerin Hujinsu

Kowane zaren fim yana da jerin huji a gefensa. Cikin wannan huji ne ƙugiyar kyamara take shiga ta jawo zaren, ta tsayar da shi a gaban tagar haske, a ɗauki hoto ɗaya, sannan ta sake jawowa. Saboda haka tazarar da ke tsakanin huji da huji ita ce take ƙayyade tsayin kowane gurbin hoto. Ire-iren da suka shafi wannan nazari su ne kamar haka:

(a) Zare mai milimita 16. Kamfanin Kodak na Amurka ne ya fito da shi a shekarar 1923. Tazarar hujinsa milimita 7.62 ce, wato gurbi 40 a kowace ƙafa. Akwai mai huji a gefe ɗaya, akwai kuma mai huji a gefe biyu. Da irin wannan zare ne aka riƙa nuna majigi a garuruwan Arewacin Nijeriya zamanin Turawan mulkin mallaka, kuma da shi Jean Rouch da Oumarou Ganda suka yi aiki a Nijar.

(b) Double 8, wanda ya fito a 1932. Shi ma faɗinsa milimita 16 ne, amma yawan hujinsa ya ninka na wancan, domin tazararsa milimita 3.81 ce. Akan ɗauki hoto a rabinsa, a juya ƙwarƙwaron, a ɗauki ɗaya rabin. Bayan an wanke sai a tsaga shi biyu a tsaye, a haɗa baki da baki, ya zama zare mai milimita 8.

(c) Super 8, wanda ya fito a 1965. An rage girman hujinsa domin hoto ya ƙara samun fili. Yana zuwa ne a cikin ɗan akwatin roba mai ɗauke da ƙafa 50, wato gurbi 3,600. Wannan zai yi minti 3 da sakan 20 idan ana ɗaukar gurbi 18 a sakan, ko minti 2 da rabi idan gurbi 24 ne.

(d) Double Super 8, wato zare mai faɗin milimita 16 amma da irin hujin Super 8. Ko da yake faɗinsa ɗaya da na (a) da (b), ba ya shiga kyamarorinsu, saboda girman huji da tazararsa sun bambanta.

Idan aka lura, dukkan waɗannan an tsara su ne domin hoton da faɗinsa ya kai kimanin 1.33 idan tsayinsa 1 ne, wato siffar tsohon akwatin talabijin. Tun da fim ɗin The Robe ya fito a 1953 da tsarin CinemaScope, masu sha'awa suka shiga neman dabarar da za su faɗaɗa nasu hoton.

3.2 Dabarun Faɗaɗa Hoto da Zaren da Kowace Take Bukata

Dabara ta farko ita ce a rufe sama da ƙasan hoto. Wannan ba ta bukatar wani zare na musamman, amma akwai asara a cikinta. Wanda ya yanke hoto mai ma'aunin 1.33 ya mayar da shi 2.39 ya zubar da kusan kashi 44 cikin ɗari na filin da ya biya kuɗinsa, ga shi kuwa dama filin bai taka kara ya karya ba.

Dabara ta biyu ita ce a ɗaura gilashin anamofik a gaban gilashin kyamara. Aikinsa shi ne ya matse hoto daga gefe zuwa gefe lokacin ɗauka, sannan a ware shi lokacin nunawa. Gilashi mai matsewa sau ɗaya da rabi, kamar Iscorama, yakan ba da ma'aunin 2, mai matsewa sau biyu kuwa yakan ba da 2.66. Alfanun wannan dabara shi ne tana aiki da kowane irin zare.

Dabara ta uku ita ce a faɗaɗa tagar kyamara kanta, kuma a nan ne maganar huji take da nauyi. Tsarin Super 16, wanda Rune Ericson ɗan ƙasar Suwidin ya ƙirƙiro a 1969, yana miƙa hoto zuwa gefen da babu huji, ya ba da ma'aunin 1.66. Dole ne a yi amfani da zare mai huji a gefe ɗaya. Idan aka sa mai huji biyu, jerin huji na biyu zai fito a cikin hoton. Haka kuma akwai tsarin Max 8 mai ma'aunin 1.58, wanda kamfanin Pro8mm ya fito da shi a 2005. Shi yana cin gefen Super 8 da a da ake shimfiɗa layin sauti a kansa, gefen da ya zama kango tun da Kodak ta daina yin Super 8 mai sauti a 1997. Wannan tsari yana aiki da ɗan akwatin Super 8 na yau da kullum.

Mafi faɗi a cikinsu shi ne UltraPan8, wanda aka gabatar a ƙasar Kanada a 2011. Ana gyara kyamarar Bolex ne ta riƙa ɗaukar hoto daga gefe zuwa gefe na zaren Double 8, ba tare da an raba shi biyu ba. Gurbin hotonsa milimita 10.52 ne a faɗi, 3.75 a tsayi, wato ma'aunin 2.8. Ƙafa 100 tana ba da gurbi 8,000, kimanin minti 5 da rabi ke nan, ninkin abin da kyamarar milimita 16 take samu daga zare mai tsawo ɗaya. Sai dai zaren milimita 16 da ya fi samuwa a kasuwa ba ya yi masa aiki, domin rabin hujin da ƙugiya take nema babu shi. Ke nan tsarin da ya fi tsimin zare shi ne kuma ya dogara a kan zaren da ya fi wuyar samu.

3.3 Dalilan Ƙarancin Zare

Yaɗuwar kyamarar bidiyo daga shekarun 1980 ita ce ta fara janye masu saye. A ƙasar Hausa ma harkar fim ta kasuwa da kaset ɗin bidiyo ta kafu, tun daga Turmin Danya da aka yi a Kano a 1990. Da masu saye suka ragu, sai kamfanoni suka shiga rage ire-iren da suke yi. Kodak ta daina sayar da Double 8 da sunanta a farkon shekarun 1990. Ta dakatar da Kodachrome na Super 8 a 2005, ta rufe babin Kodachrome gaba ɗaya a 2009, sannan ɗakin wanki na ƙarshe da yake karɓarsa, wato Dwayne's Photo a jihar Kansas, ya daina karɓa a ƙarshen 2010. A 2012 Kodak ta nemi kariyar kotu saboda bashi, a shekarar kuma ta dakatar da Ektachrome 100D. Kamfanin Fujifilm na Japan shi ma ya daina yin zaren ɗaukar fim a 2013. An ɗan samu sa'ida a 2018, lokacin da Kodak ta dawo da Ektachrome.

3.4 Hanyoyin Samun Zare

Hanya ta farko ita ce sayen sabon zare daga masana'anta ko dillalanta. Kodak tana yin Super 8 da milimita 16 a jerin Vision3, kamar 50D na hasken rana da 200T da 500T na hasken fitila. Waɗannan nagatif ne, wato sai an juya su kafin a ga ainihin launi. Tana kuma yin Ektachrome mai launi da Tri-X baƙi da fari, waɗanda ake iya sa wa a majigi da zarar an wanke. Yawancin milimita 16 da take sayarwa mai huji ɗaya ne, abin da ya yi wa masu Super 16 daɗi. Mai neman Double 8 ko Double Super 8 kuwa yakan nufi kamfanin Foma da ke Hradec Králové a ƙasar Cek, wanda yake yin Fomapan R100 a waɗannan ma'aunai. Sai dai shi baƙi da fari ne kawai.

Hanya ta biyu ita ce ƙananan kamfanoni masu sarrafa zaren wasu. Sukan sayi babban zare su tsaga shi, ko su yi masa sabon huji, su naɗe a ƙwarƙwaro ko su ɗura a ɗan akwati. Pro8mm da ke Burbank a jihar Kalifoniya ya yi suna wajen tsaga zaren milimita 35 ya mayar da shi Super 8. Ta irin wannan hanya ce akan samu Double 8 mai launi. Abin lura shi ne ingancin injin huji: idan tazara ta saɓa ko da kaɗan ne, hoto zai riƙa rawa a allo, kuma babu gyara bayan an ɗauka.

Hanya ta uku ita ce ragowar zaren da kamfanonin shirya fim suka bari, ko dai guntun da ya saura a gwangwani, ko wanda aka ɗura a kyamara aka fasa amfani da shi. Yana da sauƙin kuɗi, amma sai an naɗe shi a ƙaramin ƙwarƙwaro a cikin duhu ƙirin, kuma akasari mai huji ɗaya ne.

Hanya ta huɗu ita ce tsohon zare da wa'adinsa ya wuce, wanda ake tallarsa a kasuwannin intanet. A nan ne aka fi yin asara, domin kuwa araha ba ta ado. Zare yana rage ƙarfin karɓar haske da tsufa, hazo ya rufe shi, launinsa ya jirkice. Tsohon Kodachrome kuwa ba a iya wanke shi da launi yanzu, sai dai a fito da shi baƙi da fari. Saboda haka akan yanki ɗan guntu a aika a wanke a gani kafin a amince da sauran.

3.5 Ajiya, Sufuri da Wanki

Ban da Fujifilm na Japan, dukkan masana'antun da aka ambata suna Amurka ne ko Turai. Mai sha'awar da yake zaune a Kano ko Yamai sai ya yi odar zare daga waje, ya kuma mayar da shi waje domin wanki. Wannan tafiya biyu tana da haɗari iri biyu. Na farko shi ne zafi. Kodak ta ba da shawarar a ajiye ɗanyen zare a sanyin da bai wuce digiri 13 a ma'aunin Salsiyas ba, idan kuwa ajiyar za ta wuce wata shida, a sa shi a firiza mai digiri 18 ƙasa da sifili. A yankin da zafin bazara yake haura digiri 40, ga kuma ɗaukewar wutar lantarki, wannan sharaɗi ba ƙaramin abu ba ne. Idan an fito da zare daga firji, sai a bar shi a rufe har ya huce, don kada raɓa ta sauka a kansa. Na biyu shi ne na'urorin binciken kaya a filayen jirgin sama, waɗanda haskensu yake ɓata zaren da ba a wanke ba. Akan roƙi jami'ai su duba shi da hannu.

Har wa yau, kowane zare da irin wankinsa: Vision3 yana bukatar tsarin ECN-2, Ektachrome kuwa E-6. Mai UltraPan8 yana da ƙarin nauyi guda. Ɗakin wanki ya saba tsaga Double 8 biyu, don haka wajibi ne a rubuta masa ɓaro-ɓaro cewa kada a tsaga. In aka manta, za a raba kowane hoto gida biyu, aikin watanni ya lalace cikin minti kaɗan. Haka nan sai an tabbatar injin da zai mayar da hoton cikin kwamfuta yana iya karanta dukkan faɗin gurbin, domin majigin da aka saba da shi ba ya nuna ƙarin filin da aka samu.

3.6 Kammalawa

A wannan babi an kawo ire-iren ƙaramin zare guda huɗu, da dabaru uku na faɗaɗa hoto, da hanyoyi huɗu na samun zare. An ga cewa gilashin anamofik da tsarin Max 8 da Super 16 suna tafiya da zaren da masana'anta take yi kai tsaye, alhali UltraPan8 ya rataya a wuyan kamfanoni 'yan ƙalilan. Bisa ga haka, tsarin da ya dace mai sha'awa ya bi shi ne ya fara tabbatar da inda zai riƙa samun zare mai hujin da ya dace, sannan ɗakin da zai wanke masa, kafin ya kai kyamararsa a faɗaɗa tagarta, tun da ƙarfen da aka goge ba ya komawa yadda yake. Babi na gaba zai duba yadda ake haɗa hoto da sauti bayan an wanke zaren.