Kariyar ma'aikata wajen tatsar mai da iskar kabon dayoksaid

Masana'antun da ke tatsar man citta ko cire kafeyin daga kofi sukan matse iskar kabon dayoksaid fiye da ninki 70 na matsin iskar sarari. Iskar ba ta da launi, kuma ta fi wadda ake shaƙa nauyi. Idan ta tsiyaya, takan kwanta ƙasa ta sumar da ma'aikaci. Takunkumin ƙura ba ya tare ta, sai tukunyar numfashi. Safar hannu da tabarau suna kariya daga ƙunar sanyi, domin iskar da ta kuɓuce takan daskare a digiri 78 ƙasa da sifili. Saboda haka ake kafa na'urar gargaɗi kusa da ƙasa, kuma ba a buɗe tukunyar tatsa sai an sauke matsin baki ɗaya.