Kafin Ka Sayi Mitar Wat Don Ƙaramin Jirginka Mai Rimot

Idan ka canza wa jirginka farfela, ka sa wadda ta fi tsohuwar tsayi da inci ɗaya kacal, wutar da injin zai ja tana iya ƙaruwa sosai. Ido ba zai gani ba. Sau da yawa sai na'urar ESC, wadda ke sarrafa gudun injin, ta fara ƙauri ake ganewa. Mitar wat ce ke nuna maka tun jirgin yana ƙasa.

Ana jona ta tsakanin batir da ESC. Tana auna volt da amp, ta ninka su ta ba ka wat. Batirin LiPo mai sel uku yana kai volt 12.6 idan ya cika, amma da zarar ka ba injin wuta sosai sai ya sauka. Idan ya koma 11 yana ba da amp 30, wat 330 ke nan. Masu wannan harka sukan nemi kusan wat 100 ga kowane fam na nauyin jirgi, wato kusan 220 a kilo, idan ana so ya iya juyi a sama.

To, a nan ne fa ake yin kuskure. Babbar lambar da ke jikin kwali, 130A ko 150A, galibi ta ɗan lokaci ce. Nemi lambar da mitar za ta jure ba tsayawa. A cikinta akwai ɗan ƙarfe da wutar ke ratsawa, kuma zafinsa yana ninkuwa huɗu idan amp ya ninka biyu. Ƙarfe mai ohm 0.001 zai fitar da zafin wat 2.5 a amp 50, amma wat 10 a amp 100.

Ni dai ba zan sayi wadda ba ta riƙe amp mafi yawa da volt mafi ƙanƙanta ba. Waye zai tsaya karanta lamba farfela tana juyawa kusa da yatsunsa? Ka ɗaure jirgin, ka tsaya bayan farfela, ka karanta daga baya.

Mitar masu gyaran rediyo yawanci amp 10 ce iyakarta, ba za ta yi ba. Mai baki kamar awartaki kuwa, wadda ake maƙala wa waya, sai ka tabbatar tana auna wutar DC, domin masu arahar na AC ne kawai. Wasu mitocin ma ba kan jona suke zuwa, sai ka haɗa musu irin na batirinka, kamar XT60, da dalma.