Yadda Barewa Ke Hana Daji Farfaɗowa A Ƙasar Sikotlan

Daga Wakilinmu

Wanda ya shiga kwarin tsaunukan arewacin Sikotlan, watau yankin da ke can saman ƙasar Birtaniya, zai tarar da manya-manyan itatuwan fayin a warwatse, waɗansunsu sun haura shekara 200. Mutanen wurin suna kiransu kakanni. Sunan kuwa ya dace, sai dai a wurare da yawa kakannin nan ba su da jikoki. Kowace shekara suna zubar da iri, irin yana tsirowa, amma kafin tsiron ya kai tsawon gwiwa barewa ta cinye kansa. Duk wanda ya taɓa dasa itace a ƙofar gida bai kewaye shi da ƙaya ba, akuya ta biyo ta wurin, ya san irin wannan ɓarna.

Barewar da ake magana ba irin tamu ba ce. Ja ce, namijinta ya kan kai girman jaki, yana da ƙaho mai rassa wanda ya kan zubar kowace shekara ya sake wani. A da kyarkeci ne ke rage yawanta, amma mafarauta sun ƙarar da shi fiye da shekara 250 da suka wuce. Daga nan ba ta da sauran abokin gaba sai mai bindiga da tsananin sanyin hunturu.

Mai bindigar kuwa ba ya son ta ragu. Tun da gidan sarautar Ingila ya sayi gandun Balmoral a 1852, harbin barewa ya zama abin taƙama ga attajirai, suka mallaki manyan filaye domin farauta kawai. Darajar irin wannan gandu tana bin yawan mazan barewar da ake harbewa a cikinsa kowace shekara, saboda haka masu gandu suka riƙa barin mata su hayayyafa, har ma ana kai wa mazan abinci da hunturu. A 1959, shekarar da Gwamnati ta kafa hukumar kula da jar barewa, an ƙiyasta yawanta wajen 150,000. Cikin shekara 30 sai da ta ninka.

Ɓarnar ta fi tsanani da hunturu, sa'ad da ƙanƙara ta rufe ciyawa, dabbobin suka gangaro cikin itatuwa neman mafaka. Suna fara cin tsiro mai taushi, su bar mai ɗaci da mai kaushi, ta haka ƙasan daji ya kan rikiɗe ya zama ciyawa zalla. Akwai wani guntun tsiro mai 'ya'ya shuɗɗa wanda tsutsotsi ke rayuwa a kansa, su kuma tsutsotsin su ne abincin 'ya'yan wani babban tsuntsun daji mai girman talotalo. Ƙidayar da aka yi a hunturun 2021 zuwa 2022 ta nuna tsuntsun bai kai 600 ba a duk ƙasar, ko da yake ba barewa kaɗai ce sanadi ba. Shi kansa tsohon dajin fayin, abin da ya rage gutsattsari ne guda 84, jimlarsu wajen hekta 18,000.

Maganin farko da ma'aikatan gandun daji suka gwada shi ne shinge. A kwarin Glen Affric an kewaye wurare da waya tun cikin shekarun 1960, itatuwa suka taso a ciki, waje kuwa ya zauna ƙurmus. Amma shinge yana da tsada, yana ruɓewa, kuma tsuntsayen nan da ake son ceto su kan faɗa wa wayar su mutu.

Sai aka koma ga rage dabbobin. Masana sun lura cewa galibi tsiro ba ya tsira sai barewa ba ta wuce biyar ba a murabba'in kilomita ɗaya. A gandun Glenfeshie, a 2004, hukuma ta sa aka harbe ɗaruruwa a cikin 'yan makonni, har da amfani da jirgi mai saukar ungulu wajen kai maharba da kwaso gawarwaki. Masu gadin gandaye, waɗanda abincinsu ya dogara ga farauta, suka yi zanga-zanga. Ba a ce kukansu na banza ba ne, gama a waɗancan ƙauyuka masu nisa aikin albashi ƙalilan ne. Duk da haka, bayan da wani attajiri ɗan ƙasar Denmak, Anders Holch Povlsen, ya sayi gandun a 2006, an ci gaba da ragewar. Cikin 'yan shekaru 'ya'yan fayin suka cika bakin kogin Feshie, suka fara hawa gangaren tsauni, ba tare da an dasa su ko an yi musu shinge ba.

Wahalar ita ce barewa ba ta san iyakar gandu ba. In wani ya rage tasa, ta maƙwabci ta kan kwararo ta cike gurbi, maƙwabcin kuma ya yi ƙorafi an ƙarar masa da dukiya. Wani kwamiti da Gwamnatin Sikotlan ta naɗa ya ba da shawarwari 99 a rahotonsa da aka buga a 2020, a cikinsu har da ƙara wa hukuma ikon tilasta wa masu gandu su rage garkensu.